Gungayen Yawuri

Mu a nan Janfalan, da Ikara da Maƙarfi da Kudan, in za mu gona sai mu saɓa fartanya mu taka da ƙafa. Amma akwai waɗansu manoma 'yan'uwanmu da ba su zuwa kasuwa sai a cikin jirgin ruwa. Ana kiransu Gungawa. Suna zaune a ƙasar Yawuri, a tsakiyar kogin Kwara. Yau wurinsu za mu kai ziyara.

Gungu shi ne tsibiri, watau tudun ƙasa wanda ruwa ya kewaye ta kowane gefe. Daga wannan kalma aka sami sunan Gungawa. Su kuwa suna kiran kansu Reshe, suna da harshensu dabam, amma suna jin Hausa sarai. A dā Yawuri tana cikin Lardin Sakkwato. Tun 1991 tana cikin Jihar Kebbi.

Daga nan sai mu bi ta Zariya da Kaduna, mu wuce Tegina da Kwantagora, mu sauka Yelwa, inda Sarkin Yawuri ya ke zaune. A bakin kogi za mu tarad da jirage iri biyu. Akwai ƙaramin kwalekwale da a ke tuƙawa da filafili. Akwai kuma babba mai inji, wanda ke ɗaukar mutane da buhuna.

To, mun shiga jirgi. Abin da za mu fara lura da shi shi ne faɗin ruwa. Wanda ya saba da rafin fadamarmu sai ya riƙe baki. Ga masunta suna jefa taru, suna kama tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Da yawansu Sarkawa ne, waɗanda kamun kifi ya ke gadonsu. Ga balbela fari fat a bakin gaɓa. Akwai dorina kuma a kogin, shi ya sa matuƙi ya kan kauce wa wuraren da ya san tana kwanciya. Can sai mu hango itatuwa da rufin ɗakuna kamar a kan ruwa su ke zaune. Mun iso gungu ke nan.

Ƙasar gungu ba ta da yawa. Mutum ba shi da damar ya ce zai sari sabon daji, gama ko ina ya nufa ruwa zai tarar. Saboda haka Gungawa ba su barin ko taki ɗaya a banza. Da damina suna shuka gero da dawa a kan tudu, shinkafa kuwa a kwari. Da rani sai su koma lambu. Albasa ce babbar sana'arsu, har sunan albasar Yawuri ya kai kasuwannin Kudu.

Ga yadda su ke yi. Su kan fara yafa iri a ɗan wuri. In ya yi ƙwari sai su cire, su dasa a fangali, su sa taki. Kakanninsu da ƙwarya su ke ɗebo ruwa daga kogi, su bi fangali ɗaya ɗaya suna zubawa. Aiki ne mai karya baya. Yanzu da yawa sun sami injin ban ruwa.

Watakila wani ya tambaya, ina su ke samun ruwa kusa da lambu a tsakiyar rani? Amsar tana da ban mamaki. Kwara sau biyu ta ke cika a shekara. Cikar farko ita ce ta ruwan damina da ke sauka a ƙasashenmu. Wannan ya kan zo da laka, ana ce da shi farin ruwa. Cika ta biyu daga nesa ta ke tasowa. Mafarin kogin yana cikin duwatsun ƙasar Gini, tsawonsa kuwa ya fi kilomita 4,000. Ruwan da aka yi can ya kan bi ta Mali, ya bazu cikin manyan fadamu, ya daɗe a ciki, lakarsa ta kwanta. Sa'an nan ya biyo ta Nijar, ya iso Yawuri da sanyin hunturu, bayan an daɗe da ɗauke ruwan sama. Shi a ke kira baƙin ruwa. Watau lokacin da rafukanmu ke ƙafewa, lokacin ne ruwa ke zuwa wa Bagunge har bakin lambunsa.

Amma ruwan da ke ciyad da su ya taɓa raba su da gidajensu. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji don samun lantarki, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama babban tafki, ya haɗiye gungaye da yawa, har da babban gungun Foge, da tsohon garin Busa. Mutum fiye da 40,000 aka tayar, aka gina musu sababbin ƙauyuka a tudu. Waɗanda gungayensu suka tsira suna nan suna noma. Har yau akwai gunduma a Yawuri mai suna Gungun Sarki.

Ranar kasuwa sai jirage su yi ta fitowa daga gungaye, sun nufi Yelwa. Suna kawo albasa da shinkafa da ƙyafaffen kifi. Su sayar, su sayi gishiri da tufafi da man inji, su koma kafin duhu. Fatake kuwa su loda buhunan albasa a manyan motoci. Wanda ya iya adana albasarsa a rumfa mai shan iska har kaka ta wuce, shi ke samun kuɗi mai kauri.

A ranar kasuwa ne kuma haɗari ya fi yawa, don kowa yana ɗokin ya shiga da kayansa. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da aka cika wa lodi ya nutse kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, mutane masu yawa suka rasu. Allah ya ji ƙansu. In tafiya ta kai ɗayanmu can, kada ya shiga jirgin da ya cika, kada ya yi tafiyar dare, ya kuma nemi rigar kariya ya sa.

To, jama'a, mun dawo gida. Mu ba mu da Kwara, amma muna da fadama, muna noman rake da tumatir da barkono. Mun fi Bagunge faɗin ƙasa nesa ba kusa ba. Abin da ya riƙe shi ne sanin lokacin ruwa, da ƙin zaman banza da rani. Kowa ya duba fadamarsa bana, ya ga ko akwai wurin da ya bari ciyawa ta cinye.

Tambayoyi

1. Mene ne gungu?
2. Daga ina baƙin ruwa ya ke tasowa?
3. A wace shekara aka gama madatsar Kainji?
4. Me ka shuka a fadamarka da ranin bara?