ZAFIN DORON ƘASA DA RANA A LOKACIN HUNTURU: MISALIN GARIN DUTSE

Kowa ya san hunturu da sanyi. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiyar iska takan taso daga arewa maso gabas, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, tsofaffi su kwana kusa da wuta. Amma duk wanda ya taɓa taka kwalta ba takalmi da azahar a cikin watan Janairu ya san sanyin nan na dare ne da asuba. Da rana ta take, sai ƙasa ta ɗauki zafi ƙwarai. Masana yanayi suna bin sawun wannan zafi shekara da shekaru, domin shi ne ke fara nuna irin sauyin da gari ke yi idan ya bunƙasa. An shirya wannan takarda don a bayyana wa jama'a yadda al'amarin yake, an kuwa ɗauki Dutse, hedkwatar Jihar Jigawa, a zaman misali, saboda gari ne matsakaici wanda ya girma a kan idon mutanen da ke raye yau.

Zafin Ƙasa Dabam, Zafin Iska Dabam

Zafin da ake faɗa a rediyo zafin iska ne. Ana auna shi a inuwa, cikin wani farin akwati mai kafofin shan iska wanda aka ɗaga kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Zafin doron ƙasa kuwa shi ne na abin da rana ta bugi kansa, watau yashi, dutse, kwalta, rufin kwano, ganye ko ruwa. Da tsakar rana kwalta kan ɗara iskar da ke bisanta da digiri 10 ko fiye, alhali ciyawar fadama da ke kusa da ita tana nan da sanyinta. Dalili kuwa shi ne baƙin abu ya fi shan hasken rana, shi kuma ɗanyen ganye yana fitar da ruwa, ruwan nan ya tafi da zafin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha.

Yadda Ake Aunawa

Taurarin ɗan adam ne ke wannan aiki, gama kowane abu mai zafi yana fitar da wani haske wanda ido ba ya gani, na'ura kuwa tana ganinsa. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, na biyar a 1984, na takwas a 2013, na tara a 2021. Na takwas da na tara kowannensu yakan komo bisa wuri guda bayan kwana 16, da hantsi. Tun 2008 aka buɗe hotunansu kyauta ga kowa. Akwai kuma Terra na 1999 da Aqua na 2002, waɗanda suka tara awon rana da na dare na shekaru fiye da 20.

Hunturu ya fi kowane lokaci daɗin awo a arewacin Nijeriya, don babu gajimaren da zai tsare ƙasa. Duk da haka masana ba su yanke hukunci da hoton shekara guda. Sukan jera na watan Disamba da Janairu na shekaru masu yawa, su gwada cikin gari da bayan gari. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce a tara awon shekara 30 kafin a ce ga yadda yanayin wuri yake.

Abubuwa Uku da Ke Juya Zafin

Na farko shi ne ɗumamar duniya. Rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa daga 2011 zuwa 2020 zafin duniya ya ɗara na 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.1, kuma Afirka ta fi matsakaicin duniya saurin ɗumama. A Afirka ta Yamma ranaku masu zafi sun ƙaru, darare masu sanyi sun ragu.

Na biyu shi ne hazo. Yawancin ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Ranar da ta yi kauri sai ta tare hasken rana, ƙasa ta kasa yin zafi. Saboda haka shekara mai yawan hazo takan zo da ranaku masu sanyi, ta bayanta kuma ta zo garau da zafi. Wanda ya dubi shekara biyu kaɗai sai ya ruɗe.

Na uku, wanda ke hannun jama'a, shi ne abin da aka shimfiɗa a bisa ƙasa.

Abin da Dutse Ke Koyarwa

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991. Kafin nan Dutse garin sarauta ne mai gidajen ƙasa a tsakanin duwatsu, kewaye da gonaki da itatuwan dabino. Daga baya aka gina sakatariya da gidajen ma'aikata, aka shimfiɗa tituna masu faɗi, aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, aka buɗe filin jirgin sama a 2014. Filayen da dā ake noma gero da gyaɗa a cikinsu suka koma bulo da siminti da kwano.

A nan akwai abin lura. A kudancin ƙasar nan, inda daji ke kore rani da damina, duk inda aka sare itace aka yi gini ƙasa za ta fi kewayenta zafi da rana. A arewa kuwa lissafin ya bambanta. Bayan kaka an cire amfani, an kwashe kara, dabbobi sun cinye harawa, gona ta zama fili fetal. Irin wannan busasshiyar ƙasa tana saurin ɗaukar zafi. Don haka a garuruwan ƙasashe masu ƙarancin ruwa, an sha ganin unguwa mai itatuwa da inuwar gidaje ta fi gonakin bayan gari sanyi da rana a lokacin rani. Da dare kuma sai abin ya juya: yashin gona ya huce nan da nan, dutse da siminti su riƙa sakin zafinsu har dare ya raba.

Ma'anar wannan ita ce girman gari shi kaɗai ba ya yanke yadda zafin rana zai kasance. Abin dubawa shi ne me aka kawar, me kuma aka sa a gurbinsa. Idan aka mai da tsirarar gona unguwa, aka dasa dalbejiya a kowace ƙofa, zafin rana na iya raguwa. Idan kuwa aka sare gonar dabino ko aka cike kududdufi aka yi tashar mota, wurin zai ƙara zafi ba shakka.

Inda Abin Ya Shafi Jama'a

Alkama amfanin sanyi ce. A Jigawa da Kano ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, don ta yi ido kafin bazara. In zafi ya riske ta tana cikin ɗaukar ƙwaya, sai ƙwayar ta motse, awo ya ragu. Hakanan ƙasa mai zafi tana saurin shanye ruwan da mai lambu ya ba tumatir da albasa, ya ƙara kashe kuɗin mai. A cikin gari kuma ɗakin kwano marar silin yakan zama tanderu da azahar, ya koma ƙanƙara da asuba, jarirai da tsofaffi su ne ke shan wahalar.

Abin da Ya Kamata a Yi

1. Kowane magidanci ya dasa itace a ƙofar gidansa, ya killace shi daga awaki. A zaɓi wanda ke riƙe ganyensa da rani, kamar dalbejiya, mangwaro da tsamiya.

2. Manoma su bar gawo a gona. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, ya ba ƙasa inuwa da taki.

3. A daina ƙone kara da ciyawa. Abin da aka bari a gona rufi ne ga ƙasa.

4. Mai gini ya sa silin, ya zaɓi rufi mai farin launi, kada kuma ya malale tsakar gida duka da siminti.

5. Hukumomin tsara gari su keɓe fadama da kududdufi da filin itatuwa tun kafin a yanka filaye.

6. Manoman rani su saurari hasashen Hukumar Yanayi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 2003, su yi shuka a kan kari.

Jigawa na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin Babbar Katangar Itatuwa, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa hukuma a 2015. Amma hukuma ba ta iya ba kowane dashe ruwa, wannan aikin mai gida ne da mai unguwa. Garin da ke kan girma yana da damar gyara tsarinsa tun bai cika ba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.