Amla, Ɗan Itacen Ƙasar Indiya

Kwanakin baya, bayan an tashi daga sujada, wata uwa ta nuna mana wani ƙullin gari da ta sayo da tsada a kasuwa. Mai sayarwa ya ce mata sunansa amla, daga Indiya ya zo, kuma in maigidanta ya sha shi wata guda zai iya barin ƙwayoyin ciwon sukari da likita ya ba shi. Ta tambaye mu ko gaskiya ne. Ga amsar a nan, gama mun san ba ita kaɗai aka faɗa wa haka ba.

Amla itace ne na Indiya da ƙasashen da ke kewaye da ita. Ganyensa ƙanana ne a jere, wanda ya hango shi daga nesa sai ya ce tsamiya ce. 'Ya'yansa kuwa kamar ƙaramin lemun tsami suke, kore-kore mai ɗan rawaya, da zane shida daga sama zuwa ƙasa, da ƙwallo mai tauri a ciki. Suna nuna a lokacin sanyi. Gundumar Pratapgarh, a jihar Uttar Pradesh, ta yi suna wajen nomansa.

Ɗanɗanonsa fa sai mai haƙuri. Ga tsami, ga ɗaci, ga bauri. Abin mamaki, in mutum ya tauna shi ya kora da ruwa, sai ya ji ruwan ya yi zaƙi. Saboda haka Indiyawa sukan jiƙa shi da gishiri da yaji, ko su dafa shi cikin sukari, wannan shi suke kira murabba. Masu maganin gargajiyarsu suna haɗa shi da waɗansu 'ya'yan itace biyu, su kira haɗin trifala. Majemansu ma suna jima da shi, kamar yadda namu suke yi da bagaruwa. Man gashi na amla kuwa, mata da yawa sun riga sun san shi a kantuna.

To, mene ne amfaninsa na ainihi? Bitamin C ne. In aka auna su daidai wa daida, amla ɗanye ya fi lemun zaƙi wannan bitamin wajen sau biyar. Jiki ba ya iya yinsa da kansa, ba ya kuma ajiye shi da yawa, sai an riƙa ci. Wanda ya daɗe bai samu ba, dasashinsa yakan kumbura yana zub da jini, haƙora su yi girgiɗi, miki ya ƙi warkewa. Bitamin ɗin yana kuma taimakon jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe daga wake da ganyaye, abin da mata masu ciki suke bukata ƙwarai.

Zancen ciwon sukari kuwa, an yi 'yan gwaje-gwaje a kan mutane kaɗan, aka ga sukari da kitsen jini sun ɗan sauka. Wannan bai kai a ce magani ne ba. Kada kowa ya ajiye ƙwayarsa ko allurarsa domin garin amla. Mai son gwadawa ya fara gaya wa likitansa, domin in aka haɗa su sukarin yana iya faɗuwa fiye da kima. Murabba kuwa, da yake sukari ya cika shi, ba na mai wannan ciwo ba ne sam.

Muka kuma ce wa uwar nan ta dubi bayan gidanta. Allah bai hana mu namu ba. Goba ɗaya nunanna ta ishi babban mutum bitamin C na yini guda. Farin garin nan na cikin 'ya'yan kuka, wanda ake dama kwalba da nono da shi, shi ma yana da shi da yawa. A lura, ba miyar kuka muke nufi ba, ita ganye ce, wuta kuma tana lalata bitamin ɗin. A dama garin da ruwa mai tsabta wanda aka tafasa ya huce, a ba yara su sha nan take.