Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Lissafin Ƙarfin Katakon Gini

Duk ɗakin da aka rufe da kwano ko da ƙasa, akwai itatuwan da aka gitta tsakanin bango da bango domin su ɗauki nauyin rufin. Magina na kiran irin wannan katako bim. Kafin a aza shi, dole a amsa tambayoyi biyu: shin zai karye, kuma in bai karye ba, yaya yawan lotsawar da zai yi? Amsar ba abin wasa ba ce, domin mutane ne za su kwana a ƙarƙashinsa. A yau injiniyoyi kan nemi amsar ta hanyar manhajojin lissafin gini da ake sanyawa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta.

Tushen Lissafin

Ilmin ya girmi na'urar da ƙarnuka. A shekarar 1638 Galileo, masanin ƙasar Italiya, ya wallafa nazarinsa a kan katakon da aka kafa kansa ɗaya cikin bango aka rataya nauyi a ɗaya kan. Ya gano cewa tsayin cikin katako, wato daga bayansa zuwa cikinsa, ya fi faɗinsa muhimmanci. A 1826 Bafaranshe Navier ya fitar da lissafin lanƙwasa a siffar da ake koyarwa har yanzu.

Ga abin da lissafin ya nuna. Idan aka ninka faɗin bim sau 2, ƙarfinsa zai ninka sau 2. Idan kuwa tsayin cikinsa aka ninka sau 2, ƙarfinsa zai ninka sau 4, taurinsa wajen ƙin lotsawa kuma sau 8. Shi ya sa kafinta ke tsayar da katako a kan gefensa maimakon ya kwantar da shi. Katako mai milimita 50 da 150 a tsaye ya fi na kwance ƙarfi sau 3, ya fi shi tauri sau 9, alhali itacen ɗaya ne, kuɗin ma ɗaya.

Maginan ƙasar Hausa sun san irin wannan iyaka tun da daɗewa. Azarar giginya ba ta tsallake fiye da kimanin mita 2 ba tare da ta lotsa ƙarƙashin nauyin ƙasa ba, don haka in za a gina babban soro sai a dasa ginshiƙi ko a yi bakan gizo, kamar yadda Babban Gwani Mika'ilu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Yadda Manhajar Ke Aiki

Bim guda ɗaya ɗalibi ma na iya lissafa shi da fensir. Wahalar na zuwa ne idan rufin yana da katakai ɗaruruwa masu jingine da juna. A nan ake amfani da dabarar yanyanka gini zuwa ƙananan gaɓoɓi a cikin lissafi, a gano halin kowace gaɓa, sannan a harhaɗa. Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka shi ne ya raɗa wa dabarar suna a 1960, kuma a jami'ar ce Edward Wilson ya fitar da manhajar SAP a 1970. Daga ita SAP2000 ta samo asali, akwai kuma wasu irin su STAAD.Pro.

Injiniya zai faɗa wa na'urar abubuwa huɗu: tsawon bim da girman jikinsa, yadda aka tallafe shi a kowane ƙarshe, nauyin da zai ɗauka, da irin itacen. Nauyin ya haɗa da na dindindin, kamar kwano da silin da tankin ruwa, da kuma mai zuwa ya wuce, kamar iska ko ma'aikacin da ya hau gyara. Na'urar sai ta zana inda lanƙwasa ta fi tsanani, galibi tsakiya, da inda itacen zai so tsagewa, galibi kusa da bango.

Alal misali, a ɗauki bim mai milimita 50 da 200, na ajin da Turawa ke kira C24, yana ɗauke da kilo 150 a kowace mita. In tazarar bangon mita 4 ce, tsakiyarsa za ta sauka da kimanin milimita 13. In aka ƙara mita ɗaya tak, sai ta sauka da kimanin milimita 33. Ƙarin tsawon kashi 25 cikin 100 ya jawo lotsawa kusan ninki biyu da rabi. Amfanin na'urar shi ne a gwada girma iri-iri cikin ɗan lokaci, a zaɓi wanda ya isa ba tare da ɓarnar itace ba.

Abin da Na'urar Ba Ta Gani

Ƙarfe a masana'anta ake yin sa, halinsa kusan ɗaya ne ta kowace fuska. Itace kuwa tsiro ne. Yana da ƙarfi ƙwarai a bisa tsawon jijiyarsa, amma yana da rauni a gicciye, abin da duk mai faskare ya sani. Ƙulli, wato gurbin da reshe ya fito, yana karkatar da jijiyar, kuma ya fi haɗari in ya faɗo a ƙasan bim ta tsakiya, inda itacen ke miƙewa. Katakai biyu daga bishiya guda ma sukan bambanta. Saboda haka lambar 24 da ke cikin C24 ba matsakaicin ƙarfi ba ce, ma'auni ne da 95 cikin kowane katako 100 na wannan aji za su kai ko su wuce.

Na biyu shi ne laima. Ana auna ƙarfin itace ne yana da ruwa kashi 12 cikin 100. Ɗanyen katako ya fi wannan rauni, kuma in hunturu ya busa zai tsuke, ya murɗe, kusoshi su saki.

Na uku shi ne lokaci. Bim da ya ɗauki kaya shekara da shekaru yakan ci gaba da lotsawa sannu a hankali, ƙarfinsa kuma yana raguwa. Dokar gini da itace ta Turai, Eurocode 5, wadda ta fito a 2004, ta ce a ɗauki kashi 60 cikin 100 kawai na ƙarfin itacen in nauyin na dindindin ne. In aka ƙara ragin kariya, wancan 24 sai ya dawo kimanin 11. A busasshen ɗaki dokar na ƙara kashi 60 cikin 100 a kan lotsawar farko, a wuri mai yawan jiƙewa kuwa lotsawar kan kai ninki 3.

Ga kuma tarkon da ya shafi injiniyan Nijeriya. Ajin C24 na itatuwan ƙasashen sanyi ne, kuma irinsu ne suka cika jerin da manhajojin ke zuwa da shi. A kasuwar katako ta Kano ko Kaduna kuwa loko da maɗaci da obeche za a tarar. Loko ya wuce kilo 600 a kowace mita mai kusurwa uku, obeche bai cika kai 400 ba, ƙarfinsu ma ba ɗaya ba ne. Nijeriya ta fitar da nata kundin amfani da itace a gini, NCP 2, a 1973, kuma daga irin wannan kundi ko daga gwajin ɗakin bincike ya kamata a ɗebo lambobin da za a shigar. Wanda ya bar C24 a allon na'ura ya je ya sayo obeche, ya lissafa wani gini ne dabam da wanda zai gina.

Kammalawa

Manhaja ba ta kuskuren tarawa da ninkawa, amma ba ta taɓa riƙe katako ba, ba ta ganin gara, ba ta kuma san an aza tanki a inda ba a faɗa mata ba. Don haka ƙwararren injiniya kan fara da ƙiyasin fensir, ya kwatanta da amsar na'ura, sannan ya je ya duba itacen da idonsa kafin a aza. Malami na iya nuna tushen wannan duka a cikin aji da rula ta katako da bulo biyu da ɗan dutse: a kwantar da rular a auna lotsawarta, a tsayar da ita a sake aunawa, sannan a nisanta bulon a ga abin da zai faru.