Hitar Mota Idan Ta Ƙi Ɗumi: Sababi Da Magani

Idan hunturu ya kankama a tsakanin Disamba da Janairu, iskar Sahara ta sauko da hazo da jaura, direban da ya yi sammako daga Jos ko Zariya ko Damagaram yakan murɗa makunnin hita, wadda wataƙila ya yi wata goma bai waiwaye ta ba, sai ya ji iskar da ke fitowa ba ta da maraba da ta waje. Galibi sai ya ƙudundune cikin rigar sanyi ya ci gaba da tafiya, bisa zaton cewa na'urar ta mutanen Turai ce, alhali kuwa sanyinta sau da yawa shi ne alamar farko ta wata illa da ke cin injin a ɓoye.

Hikimar abin ita ce, a motar fetur ko dizal hita ba ta da wuta tata ta kanta. Man da inji ke ƙonawa, bai fi kimanin sulusin ƙarfinsa ke juya ƙafafu ba. Saura zafi ne, wani ya fice ta salansa, wani kuma ruwan da ke kewaya injin ya kwashe shi zuwa lagireto. Daga wannan ruwa, wanda zafinsa kan kai wajen digiri 90 idan inji ya daidaita, ake janyo wani kaso ta cikin tiyo zuwa wani ɗan ƙaramin lagireto da ke bayan dashbod, fanka ta hura iska ta ratsa shi, wata 'yar ƙofa kuma ta ƙayyade yawan iskar da za ta bi ta kansa. Sharuɗɗan ɗumi ke nan guda huɗu: ruwa ya wadata, ya yi zafi, ya sami hanyar kewayawa, iska kuma ta bi inda ya dace.

Kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci sai ya saurari shaidu bisa tartibi, haka ya wajaba mai bincike ya fara da mai sauƙi kafin ya kai ga kwance dashbod. Idan iska ba ta fitowa sam, a duba fis da fanka. Idan tana fitowa amma da sanyi, a jira inji ya huce sarai a duba ruwa, domin da zarar ya ragu, iska kan shiga ta tsaya a ƙaramin lagireton. Alamarta kuwa ita ce a ji ɗumi idan an taka totur, a rasa shi idan mota ta tsaya. Ƙara ruwa da fitar da iskar abu ne mai sauƙi, sai dai dole a san inda ruwan farko ya tafi, ko ta tsagar tiyo, ko ta famfon ruwa, ko kuwa gaskit ne ya ƙone, wanda farin hayaƙi mai kauri da baƙin mai da ya koma fari-fari ke tona asirinsa.

Mas'ala mafi girma a ƙasarmu ita ce ta tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafin da ya wuce digiri 80 kafin ya sake shi zuwa lagireto. Al'ada ta gudana a garejinmu cewa da zarar mota ta iso daga Turai ta hanyar Kwatano, sai makanike ya ce wa maigida wannan kayan ƙasar sanyi ne, ya cire shi ya jefar, a wasu lokuta har ya haɗa tiyo biyun hita da juna ya yanke mata ruwa ɗungurungum. Wannan ƙiyasi kuskure ne, domin tamostat mai lafiya, idan rana ta take, buɗewa yake yi gaba ɗaya, kuma injin da ke tafasa sababinsa na wani wuri dabam. Injin da aka raba da shi kuwa, allurar zafinsa takan kwanta ƙasa a kan doguwar hanya, ya riƙa shan mai fiye da ƙima, ƙarafansa su riƙa lalacewa da wuri. Magani shi ne a mayar da sabo irin wanda maƙeran motar suka ƙayyade.

Idan allura ta kai matsayinta amma ɗumi bai zo ba, sai a ɗaga bonet, a nemi tiyo biyun da suka shige jikin mota ta bayan inji, a taɓa su da hattara, nesa da fanka da bel. In ɗaya ya yi zafi ɗaya kuma bai yi ba, ƙaramin lagireton ya toshe, galibi saboda ruwan rijiya ko na famfo da ake ɗurawa, mai haifar da tsatsa da daskararren gishiri a 'yan siraran hanyoyinsa. A cire tiyon a kora ruwa a hankali ta mafita ya fito ta mashiga, har sai jan ruwan ya washe. In duka biyun suna da zafi, laifin na 'yar ƙofar nan ne, wadda waya ke ja a tsofaffin motoci, ƙaramin injin lantarki kuma a sababbi, wanda kan riƙa ƙas-ƙas idan haƙoransa sun cinye. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa a ƙarƙashin dashbod, da wari mai zaƙi-zaƙi, da maiƙo a gilashi, hujja ce cewa ƙaramin lagireton ya huje, sai canji.

Abu biyu wajibi ne a kiyaye. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin matsin da ke ciki yana ba ruwa damar wuce digiri 100 bai tafasa ba, kuma da an sassauta murfin sai ya feso fuska. Sannan ruwan sanyaya inji mai launi, wanda shi ne ya dace a riƙa zubawa, guba ne mai zaƙi, a nisanta shi daga yara da dabbobi. Wanda ya gyara hitarsa kuwa, fa'idarta ba ta tsaya ga hunturu ba: ita ke share masa gumin gilashi da damina, kuma ranar da allura ta fara hawa a cikin cunkoso, ƙure ta tare da sauke gilasai kan janye wani kaso na zafin inji har ya sami wurin tsayawa.