Yadda Ake Binciken Damuwar 'Yan Daudu

Ɗalibi a manyan makarantun Kontagora, in aka ba shi aikin bincike, abin da ya saba shi ne takardar tambayoyi: a raba, a cike, a ƙirga. Wannan na da amfani in yawan abu ake nema. Amma ɗan daudun da ke tuyar kaji a tashar mota, wanda dangi suka guje shi, yara ke yi masa ature, ba zai faɗi abin da ke cin ransa ta hanyar zaɓen "e" ko "a'a" ba.

Masana na bin wata hanya, wato zama da mutane da doguwar hira. Rudolf Gaudio, wani Ba'amurke da ya iya Hausa, ya zauna da 'yan daudun Kano a shekarun 1990 yana sauraren hirarsu, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009. Ya tarar da yawansu na da mata da 'ya'ya, suna salla, kuma suna ɗaukar kansu maza. Tambayoyin da aka tsara a Amurka domin masu sauya jinsi ba za su taɓa tono wannan ba.

A irin wannan hira, ba a fara da tambayar mutum ko yana da ciwon damuwa. Ana barinsa ya ba da labarin rayuwarsa, a lura da inda ya ce barci ya ƙaurace masa, ko zuciyarsa ta yi baƙi. Wajen samun waɗanda za a yi hira da su kuwa, wanda ya yarda da kai shi zai haɗa ka da na gaba.

A ganina, rufin asiri ne ya fi komai nauyi. Jihar Neja, inda Kontagora take, ta ɗauki shari'a a 2000, dokar tarayya ta 2014 kuma ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. A gari irin Kontagora, inda kowa ya san kowa, ambaton unguwa da sana'a kaɗai na iya tona mutum. Dole a sauya suna, a ɓoye muryar da aka naɗa, a kuma nemi yardarsa da baki in yana tsoron sa hannu.

In hira ta kai ga maganar kashe kai, a kashe rikoda, a taimaka wa mutumin ya ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato.