Ƙahon Armstrong da Mutuwar Lumumba

Sinima iri biyu ce. Akwai wadda ake ƙaga labari, a samo 'yan wasa su kwaikwaya. Akwai kuma wadda ake tattaro hotunan abin da ya auku, da muryoyin waɗanda aka yi abin a gabansu, a harhaɗa su. Wannan ta biyu ita ce fim ɗin tarihi, kuma mutane da yawa sun ɗauka duk abin da ke cikinta gaskiya ce tsantsa, tun da yake ba a ƙaga kome ba. Amma wani fim da ya fito a 2024 ya nuna cewa mai harhaɗa tsofaffin hotuna shi ma yana da bakin magana, ko da ba a ji muryarsa ba.

Sunan fim ɗin Soundtrack to a Coup d'Etat, watau kiɗan da ya raka juyin mulki. Wani mutumin Beljiyam mai suna Johan Grimonprez ne ya shirya shi, tsawonsa kuwa sa'a biyu da rabi. Ya sami lambar yabo ta musamman a bikin finafinai na Sundance a Amurka a 2024, sa'an nan ya shiga cikin biyar da suka yi takarar lambar Oscar ta finafinan tarihi a 2025.

Labarin da ya ɗauko na ƙasar Kwango ne. Ran 30 ga Yuni, 1960, ƙasar ta karɓi mulkin kai daga hannun Beljiyam, Patrice Lumumba ya zama Firayim Minista. Ba a yi mako biyu ba sai Moise Tshombe ya ɓalle da lardin Katanga, Beljiyam tana mara masa baya. Katanga kuwa ita ce rumbun ma'adinan ƙasar, kuma daga mahaƙarta ta Shinkolobwe aka samo yawancin yuraniyom da Amurka ta ƙera bom ɗinta na farko da shi. Ran 14 ga Satumba Kanar Mobutu ya ƙwace mulki. Ran 17 ga Janairu, 1961, aka harbe Lumumba a Katanga tare da abokansa biyu, Maurice Mpolo da Joseph Okito.

To, ina ruwan kiɗa da wannan al'amari? A zamanin yaƙin cacar baka, tun daga 1956, gwamnatin Amurka takan aika da mashahuran makaɗan jaz, yawancinsu baƙar fata, su zaga ƙasashe don su gyara mata suna, alhali kuwa a gida ana nuna wa 'yan'uwansu wariyar launin fata. Dizzy Gillespie ne ya fara tafiya. A ƙarshen Oktoba na 1960 Louis Armstrong, gwanin busa ƙaho, ya sauka a Leopoldville, wadda yanzu ake kira Kinshasa, bayan ya bi ta Gana da Nijeriya. Jama'a suka yi masa gagarumar tarba. A sa'an nan Lumumba yana tsare a gidansa cikin birnin, sojoji sun kewaye shi.

Wasu makaɗan kuwa wata hanya suka bi. Ran 15 ga Fabrairu, 1961, kwana biyu bayan an ba da sanarwar mutuwar Lumumba, mawaƙiya Abbey Lincoln da makaɗin ganga Max Roach suna cikin masu zanga-zangar da suka kutsa zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, suka tsai da zaman. Tsakanin waɗannan biyu, kiɗan da gwamnati ta aika da kiɗan da ya yi mata tawaye, Grimonprez ya shimfiɗa fim ɗinsa.

Hanyar da ya bi ita ce abin lura. Babu mai ba da labari daga farko har ƙarshe, kamar yadda aka saba. Sai tsofaffin hotuna, da jawabai, da abin da aka karanto daga littattafan shaidu, irin su Andree Blouin wadda ta yi aiki da Lumumba, da Conor Cruise O'Brien, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a Katanga. In aka rubuta wata magana a allo, sai a sa inda aka samo ta a ƙasa, kamar a littafin ilmi. Sauran aikin kiɗa ne ke yinsa. Ana nuna Khrushchev, shugaban Tarayyar Sobiyet, yana dukan tebur a Majalisa, dukan ya dace da bugun ganga. Har akan katse labarin 1960 da tallar wayar hannu da ta mota mai lantarki ta wannan zamani, don a tuna wa mai kallo cewa fiye da rabin ma'adinin kobalt na duniya, wanda ake yin batir da shi, daga Kwango yake fitowa.

A nan ne ya kamata mai kallo ya yi hattara. In aka jera hoton Armstrong yana murmushi kusa da na jami'an leƙen asiri, zuciya takan yanke hukunci cewa an aiko shi ne don ya ɗauke hankalin jama'a, ko da ba wanda ya furta haka. Wannan fahimtar mai fim ce, kuma tana da hujjojinta. Abin da bincike ya tabbatar kuwa shi ne wannan. A 1975 wani kwamitin Majalisar Dattijan Amurka, a ƙarƙashin Sanata Frank Church, ya gano cewa hukumar CIA ta ƙulla shirin ba Lumumba guba, har an kai gubar Kwango, amma ba a yi amfani da ita ba. Waɗanda suka harbe shi sojojin Katanga ne, jami'an Beljiyam suna wurin. A 2001 kwamitin majalisar dokokin Beljiyam ya ce wasu 'yan gwamnatin wancan lokaci suna da alhaki a kansu, a 2002 kuma gwamnatin ƙasar ta nemi gafara.

Saboda haka amfanin irin wannan fim bai tsaya ga abin da ya nuna ba. Da ya rubuta tushen kowace magana a allo, ya ba mai kallo damar ya bi sawu, ya rarrabe abin da takarda ta faɗa da abin da kiɗa ya raɗa masa. Maganar kuwa ba ta tsufa ba. An narkar da gawar Lumumba don kada a sami kabarinsa, sai haƙori ɗaya da wani ɗan sandan Beljiyam ya ɓoye. Sai a watan Yuni na 2022 aka miƙa haƙorin ga iyalinsa a Brussels, aka kai shi Kinshasa aka binne, shekara 61 bayan kisan.