KUƊIN JAMA'A DA AIKIN GWAMNATI: BAYANI GA MUTANEN KUDENDA

Duk wanda ya bi hanyar Nnamdi Azikiwe, wadda ta kewaye Kaduna ta yamma, in ya haye kogi ya yi kudu zai iske Kudenda, unguwar masana'antu da manyan motoci, maƙwabciyar Nasarawa da Kakuri. Mutanen wannan wuri masu biyan haraji ne. Ma'aikacin masana'anta ana cire nasa tun albashi bai shiga hannunsa ba, mai shago yana biya, mai fili yana biyan kuɗin ƙasa. Saboda haka suna da hakkin su san inda kuɗin nan yake shiga, da dabarun da aka yi don kada ya zube a hanya.

Baitulmali

Maganar ba sabuwa ba ce. A da, abin da aka tara na haraji da jangali yakan bi ta hannuwa da yawa, kowane hannu kuwa da rabonsa. A Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, tun ba a yi Yaƙin Duniya na Farko ba, aka kafa Baitulmalin En'e, sauran ƙasashen sarakuna suka bi. Ƙa'idarsa gajeriya ce. Kuɗi duka su shiga wuri ɗaya, ma'aji ya rubuta, kowane ma'aikaci a yanka masa albashi, kada a fid da ko anini sai abin da kasafi ya yarda. Don a sami akawunan da za su riƙe wannan aiki ne aka yi makarantar Kongo a Zariya, wadda ta zama makarantar koyon aikin mulki a 1954.

Da Gwamnati ta yi girma, ma'aikatu suka yawaita, sai aka koma gidan jiya ta wata ƙofa. Kowace ma'aikata ta buɗe asusunta a bankin da ta ga dama, wata ma asusu goma. Illar wannan ba ƙarama ba ce. A ce Ma'aikatar Ayyuka tana da kuɗi kwance a wani banki, ba ta bukatarsu sai bayan damina, alhali kuwa Ma'aikatar Lafiya ta rasa na sayen magani. Ma'ajin Jiha bai san da kuɗin farkon ba, sai ya tafi banki cin bashi da ruwa. Ba mamaki bankin nan da kuɗin Gwamnati ne zai ranta wa Gwamnati. Mai kaza ke nan yana sayen ƙwan kazarsa.

Asusu Guda

A 2015, shekarar da Malam Nasir El-Rufa'i ya hau kujerar Gwamna, Jihar Kaduna ta rufe asusu wajen 470 da ke warwatse a bankuna, ta tattara abin da ke cikinsu a asusu ɗaya a Babban Bankin Nijeriya. Da aka haɗa lissafi aka sami kusan naira biliyan 25. Kada mai karatu ya ɗauka sabon kuɗi ne ya faɗo daga sama. Na jama'a ne tun asali, sai dai ba mai iya ganinsa gaba ɗaya. A cikin shekarar nan kuma Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatunta su yi haka.

Amfanin Asusu Guda shi ne, kowace safiya Akanta Janar yana iya sanin abin da Jiha ta mallaka, ya biya abin da ya fi gaggawa. Amma yana da nasa nauyi. Idan duk biya sai ya bi ta ƙofa ɗaya, to, ranar da mai tsaron ƙofar ya yi jinkiri, shugaban makaranta da ke son alli da malamin asibiti da ke son man janareto duk sai su jira. Watau tsarin bai fi ƙwazon akawun da ke riƙe da shi ba.

Karɓar haraji

A 2016 aka yi doka wadda ta tattara harajin Jiha duka a littafi ɗaya, ta ɗora karɓarsa a kan hukuma ɗaya, wato KADIRS, ta kuma hana ma'aikaci karɓar tsabar kuɗi a hannu. Wannan ya shafi Kudenda ƙwarai, gama inda masana'antu da manyan motoci suka taru, nan masu tikitin ƙarya suke taruwa. Dalilin hanin a fili yake. Kuɗin da aka miƙa wa mutum a bakin titi ba shi da shaida sai takardar da shi kansa ya rubuta, amma wanda aka biya ta banki ya bar sawu tun daga mai biya har asusun Jiha.

A 2015 abin da Jiha ta tara da kanta bai kai naira biliyan 14 ba. A 2019 ya wuce biliyan 44. Gaskiya ne darajar naira ta ragu tsakanin shekarun nan, saboda haka ƙaruwar ba ta kai yadda alƙaluma suka nuna ba, amma ko an cire wannan, saura mai yawa ne.

Haka aka yi da sha'anin filaye. Hukumar KADGIS, wadda ta soma aiki a 2016, ta ɗauki hoton ƙasa daga sama, ta shigar da takardun filaye cikin kwamfuta. Fayil na takarda yana ɓata, gara tana cinsa, wani lokaci kuma ɓatar da shi ake yi da gangan, har a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Mai masana'anta ba ya samun rance a banki sai da takardar mallaka ingantacciya, don haka saurin wannan ofis ya shafi har leburan da ke neman aiki a bakin ƙofar masana'antar.

Rage ma'aikatu

An rage ma'aikatun Jiha daga 19 zuwa 13 a 2015, manyan sakatarori kuma daga 35 zuwa 18. Kowace ma'aikata tana tafe da motocinta da ofisoshinta da kuɗin tafiye-tafiyenta, kafin a zo ga aikin da aka kafa ta dominsa. A 2017 aka rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, kuma a shekarar aka sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan jarrabawa, aka ɗebi waɗansu. Waɗannan biyu sun jawo gardama mai zafi, ƙungiyar malamai har ta yi yajin aiki. Ba daidai ba ne a ba da labarin tsimi a ɓoye cewa bayan kowane suna da aka soke akwai gida da iyali. Masu goyon baya sun ce albashi ya cinye kuɗin aiki, masu suka sun ce an yi gaggawa, kuma hakkin waɗanda aka sallama ya yi jinkirin fita. Kowane ɓangare yana da abin kamawa.

Tsadar jinkiri

Akwai asarar da ba ta bayyana a littafin ma'aji, kuma misalinta yana tsaye a Kudenda kanta. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar gina tashar lantarki mai ƙarfin megawat 215 a nan, don ta tashi masana'antun Kaduna, waɗanda suka yi suna tun buɗe masaƙar Kakuri a 1957. Shekara goma ta wuce ba a gama ba. Ɗaya daga cikin matsalolin ita ce abin da injunan za su ƙona. An shirya su su yi aiki da iskar gas ko da mai, alhali bututun gas bai iso Kaduna ba, sai a 2020 aka ƙaddamar da shimfiɗa wanda zai taso daga Ajakuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano. Aikin na Tarayya ne, ba na Jiha ba, amma darasinsa na kowa ne mai tsara kasafi: a tambayi abin da inji zai ci tun ba a saye shi ba. Duk shekarar da aka ƙara, kaya suna tsada, ƙarfe yana tsatsa, masu masana'antu suna ƙona dizal, su kuma ɗora kuɗinsa a kan mai saye.

Abin da ya rage gare ku

Idan wani ya zo shagonka da sunan haraji, tambaye shi sunan harajin da takardar da ta nuna adadinsa. Kada ka miƙa masa kuɗi a hannu. Je ka biya ta banki ko ta hanyar da hukumar haraji ta amince da ita, ka karɓi rasit mai sunanka, ka adana shi tare da na bara. Mai fili kuma ya kai takardunsa ofishin KADGIS a duba su tun rigima ba ta taso ba. Kasafin kuɗin Jiha ana buga shi kowace shekara. Ya kamata shugabannin unguwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su nemi shafin da ya shafi yankinsu, su rubuta sunan kowane aiki da kuɗin da aka ware masa, sa'an nan bayan wata shida su tafi wurin da ƙafarsu su gani, su kai wa ɗan majalisarsu abin da suka tarar a rubuce.